Ƙaton Rodos da Ɗan Masu Zubin Tukwane

Mutumin da aka ce zai tarye ni a filin jirgin Atina, babban birnin Girka, har yau bai zo ba. Ejan ɗin da ya haɗa mini tafiyar ya rantse cewa ina fitowa zan ga wani riƙe da kwali an rubuta sunana, Haladu, ɓaro-ɓaro. Na fito na ga kwalaye kala-kala, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa, babu nawa. Na kira lambar da aka ba ni, wata mata ta yi mini dogon bayani da Girkanci, ina ta ce mata na gode Hajiya. Sai daga baya na gane na'ura ce take gaya mini lambar ba ta aiki.

Ni ɗan Tudun Wadan Zariya ne, ɗan masu zubin tukwane. Tun kafin a haife ni babana yake narka tsofaffin ƙarafa a rumfarsa yana zuba tukwane da ludaya. Duk abin da 'yan gwangwan suka kwaso daga Gyallesu zuwa Tudun Jukun, fiston ɗin mota ne, murfin inji ne, tsohuwar buta ce, a wutarsa yake ƙarewa. A gabansa na tashi, na kuma iya aikin, amma hayaƙi ya fita daga raina. Aikin da ake sa farar riga nake so. Shi ya sa da aka ce akwai aikin otal a wani tsibirin ƙasar Girka mai suna Rodos, da takardar izini ta halal, ban tsaya dogon tunani ba.

Ina zaune a kan jakata a wani lungun filin jirgin, na idar da la'asar ina ta zare ido, sai wani ɗan Pakistan mai goge ƙasa ya tsaya ya yi mini sallama. Da Turancinsa da nawa, duk a karye, muka fahimci juna. Ya ce irina yana gani kusan kullum, kada in ɓata lokaci ina jiran kowa. Ya kama hannuna ya rubuta sunan tashar jiragen ruwa a tafina da biro, ya nuna mini motar da zan hau, ya tura mini rabin burodinsa cikin aljihu. Ban tambayi sunansa ba, kuma abin yana damuna har yanzu. In na zo addu'a sai dai in ce mai goge ƙasan nan.

Babban ruwan da na sani a duniya shi ne rafin Kubanni idan ya cika da damina, muna tsayawa kan gada muna kallo. To, ranar na ga ruwa. Jirgin ruwan kansa ya fi layinmu tsawo, har da manyan motoci a cikinsa. Da farko ina ta ɗaukar hoto ina turawa gida, ina jin kaina wani Alhaji. Da muka yi nisa teku ta fara juya mu, cikina ya ce bai san zancen ba. Na yi amai har na ba kaina tausayi. Wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya ta dawo kusa da ni, ta yanka lemon tsami ta ce in riƙa shinshinawa, tana yi mini faɗa da yarensu kamar ni na zugo iskar. Haka muka yi ta wuce tsibiri bayan tsibiri. Duk inda aka tsaya sai in miƙe da jakata, ita kuma ta jawo rigata ta zaunar da ni.

A Rodos na sami otal ɗin, kuma da gaske akwai shi. A nan kaɗai ejan ya faɗi gaskiya. Manajan ya duba takardata ya girgiza kai, ya ce ni ba na farko ba ne, an sha zuwa masa da irinta. Gurbi ɗaya ne, kuma wani ya shige tun tuni. Mutumin bai wulaƙanta ni ba, har ruwa ya ba ni. Ya yi mini bayani dalla-dalla cewa zamana a ƙasar a rataye yake da aiki: in na sami wanda zai ɗauke ni ya sa hannu a takarduna, na zauna, in ban samu ba, sai gida. Na tuna 'yan layinmu da suke cewa in aiko musu da waya, da waɗanda suka ce wata uku sun yi mini yawa. Na ce a raina ko dutse ne zan fasa a garin nan, amma ba zan koma Tudun Wada da jakar da na fito da ita ba.

Tsohon garin Rodos a cikin ganuwa yake, da ƙofofi da lunguna, sai na riƙa jin kamar na shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, illa dai nan duk dutse ne kuma babu mai ce maka sannu. A wani tsohon masallaci da ke ciki na haɗu da 'yan Senegal masu tallar jakunkuna, suka matsa mini wuri a ɗakinsu. Har gwada ni suka yi a talla. Matsalata ita ce in Bature ya taya da arha sai in ce albarka, in kawar da kai ina jiran ya ƙara, kafin in juyo ya kai ƙarshen titi. Suka karɓe jakunkunansu cikin mutunci suka ce Allah bai yi ni don wannan ba. Na koma yawon neman aiki, in fita da safe in dawo da yamma ƙafa ta yi tsami. Gidajen abinci suka ce sun cika, masu gini suka ce sai sanyi ya shigo.

Hancina ne ya samo mini aiki. Ina tafe a wani lungu bayan ganuwa sai na ji warin ƙonannen yashi da narkakken ƙarfe, warin da na tsallake teku don in rabu da shi. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Ƙafafuna suka bi shi har ƙofar wata maƙera. Na leƙa na ga wani tsoho mai farin gashin baki ya ciro kaskon narki daga wuta shi kaɗai, hannunsa na rawa, tagulla tana reto a bakin kaskon za ta zubo masa a ƙafa. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba, na faɗa ciki na kama awartakin tare da shi, muka dire kaskon lafiya.

Da ya ƙarasa zubinsa na tsuguna na gaishe shi yadda ake gaida babba. Sai ya ruɗe, ya zaci ƙonewa na yi, ya ƙwala wa matarsa kira ta fito da ruwa a bokiti. Da ƙyar na fahimtar da su cewa gaisuwa ce. Ya kama hannuwana ya juya su, ya ga tabon wuta iri ɗaya da nasa, bai tambaye ni takardar makaranta ba. Sunansa Manoli, matarsa Eleni. Ita ke zama a shagon gaba, kuma ita ce mai Turanci sosai. Bakina bai saba kiran sunan babba gatsal ba, don haka suka zama Baba Manoli da Inna Eleni, sunan kuwa ya yi musu daɗi. A ranar ya ce ya ɗauke ni, zai sa hannu na wannan shekarar.

Murna ta hana ni duba abin da ake zubawa. Sai da Inna Eleni ta shiga da ni shago na ɗaga kai na ga kantoci cike da 'yan mutane na tagulla, jere reras, kowanne tsirara haihuwar uwarsa, da hula mai tsinaye a ka, ya ɗaga fitila sama. Na ce innalillahi a hankali. Ni da na fito neman farar riga, ga ni a gidan gumaka.

Ita ta ba ni labarinsa tana goge su da tsumma. Sunansa Kolosos. Mutanen tsibirin na zamanin da, tun kafin haihuwar Annabi Isa, su suka ƙera shi da tagulla don abin bautarsu na rana, bayan sun tsira daga wani yaƙi. Tsawonsa ya kai bene mai hawa goma. Ko tsawon ran mutum ɗaya bai yi a tsaye ba, girgizar ƙasa ta karya shi a gwiwa ya kife. Ya yi ɗaruruwan shekaru a kwance ana zuwa kallonsa, wai babban yatsansa ma ba kowa ke iya rungume shi ba. Daga baya aka ce wani ɗan kasuwa ya saye shi, aka farfasa, aka loda wa raƙuma aka tafi, ko ƙusa ba ta rage ba. Na tambaye ta to ina suka ga kamannin da suke zubawa. Ta yi dariya ta ce babu wanda ya san fuskarsa, babu ma wanda ya tabbatar da inda ya tsaya. Kowane maƙeri da nasa, na gidansu kuma hancin kawun Baba Manoli ne da shi.

Ranar hutuna na je bakin ruwan da ake cewa nan ne. Ginshiƙai biyu na tarar, a kan kowanne da barewar tagulla, tsakaninsu kuwa iska ce zalla. Ga Turawa cincirindo, wasu daga ƙarshen duniya, suna ta ɗaga waya suna ɗaukar hoton wurin da babu kowa. Na tsaya ina yi musu dariya a zuci, can sai na ga ni ma na ɗauki nawa.

Na yi wa kaina iyaka. Zan hura wuta, in tankaɗe yashi, in narka tagulla, in share maƙera, in ɗauki duk abin da ya fi ƙarfin tsohon. Amma danna siffar cikin yashi da zuba ƙarfen a ciki, wato inda mutum-mutumin ke samun jiki, wannan ba da hannuna ba. Duk lokacin da aka zo nan sai in ja da baya in ƙirƙiro wani aiki. Baba Manoli ya ɗauka ladabi ne irin na mai koyon sana'a, har yana yabona wurin maƙwabta. Ni kuwa duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, ina zuga wuta ina istigfari.

Da sanyi ya shigo baƙi suka watse, garin ya yi tsit, kewar gida ta taso mini gadan-gadan. Ba kiran sallah, ba hayaniyar 'yan acaba, ba mai ƙosai a bakin layi. Abincinsu man zaitun ne da ganye, yaji kuwa ko na magani. Wata rana na kasa daurewa, na ciro 'yar tukunyar da babana ya zuba mini ta tafiya, na kaɗa miyar kuka da daddawa a bayan maƙera. Inna Eleni ta fito a guje tana toshe hanci, ta ce ɓera ya mutu a wani wuri. Ƙarshe dai ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta sake ɗanɗanawa. Ita ce ta sayo kasko daban saboda ni da ta gane ba na cin alade. Da azumi ya zo kuma, Baba Manoli, mutumin da sigari ba ya barin bakinsa, sai ya koma laɓewa bayan ƙofa yana sha, wai kada in gani in ji sha'awa. Ni da ban taɓa shan taba ba.

Duk Juma'a Baba yana kirana ta bidiyo daga Zariya. Na gaya masa aikin otal ya rushe, na koma zubi, zubin tagulla na kayan ado. Ya yi dariya har da tari, ya tara maƙwabtan rumfa ya ce su zo su ga wanda ya hau jirgin sama ya je ya hura wuta. Amma na ga daɗin a fuskarsa. Kullum sai ya ce in nuna masa maƙerar, ni kuma in nuna masa murhu, da yashi, da awartaki, da rufin ɗaki. Kantocin nan dai wayata ba ta taɓa juyawa wajensu ba.

Da sanyi ya fara wucewa abubuwa biyu suka zo tare. Lokacin sabunta takarduna ya yi, shagunan bakin ruwa kuma suka aiko da odar Kolosos mai yawa saboda baƙin da ke tafe. Hannun Baba Manoli kuwa rawarsa ta ƙaru, ko kofin gahawa sai da hannu biyu. Inna Eleni ta zaunar da ni ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: zai sa hannu da farin ciki, amma bana ni zan riƙa danna siffa in zuba, don shi ya gaza. Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani.

Juma'ar nan ina cikin magana da Baba sai ga Baba Manoli ya leƙo ta kafaɗata. Da ya ji cewa wannan ne maƙerin da nake ba shi labari, sai ya fizge wayar. Tsofaffin nan biyu suka hau surutu, wannan da Girkanci wancan da Hausa, kowa na nuna wa ɗan'uwansa tabon hannunsa, ni ina tsakiya ina tafinta ina gumi. Baba ya nuna masa tulin fiston, shi ya nuna masa sandunan tagulla. Kafin in ankara ya nufi shago da wayar, ya haska kantocin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har ya ɗauko guda ya manna a fuskar wayar don a ga kyan aiki.

Sai Baba ya ce in tambayi tsohon wane ne wannan da ba a ba shi ko bante ba. Baba Manoli ya zayyano labarin tun daga farko, ina fassarawa. Da aka zo kan raƙuman sai Baba ya tsayar da ni.

"Tsaya. Ka ce saye aka yi aka tafi da shi?"

"E, Baba. Shi ya sa suke cewa ya ɓata."

"Wane irin ɓata? 'Yan gwangwan ne suka saya. Tagulla ba ta ɓata, Haladu, narka ta ake yi. Gaya masa ƙatonsu yana nan, tukwane da tasoshi aka yi da shi, ana ta cin tuwo a ciki."

Na fassara. Baba Manoli ya yi dariya har ya dafa bango. Na fara jin sanyi a raina, na zaci an wuce wurin. Sai Baba ya ce in karɓi wayar in koma gefe.

"Hannunka ya zuba ko ɗaya?"

"A'a, Baba."

"To kada ya zuba. Mutumin kirki ne, na gani a idonsa, kada ka ci mutuncinsa. Amma in sai da wannan za ka zauna, ka dawo gida. Masu dariya su yi, ni ne ubanka."

Washegari na gaya wa Baba Manoli, Inna Eleni na taimaka mini inda na kakare. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi ma ba bauta musu yake ba, coci yake zuwa, wannan ƙarfe ne kawai da Turawa ke ɗorawa kusa da talabijin. Na ce na sani, kuma ban ga laifinsa ba, amma ni addinina ya hana ni, ubana kuma ya yi magana. Ya ce ubana yana can wata duniya, wa zai gaya masa? Na ce ni zan sani. Ya jefar da tsumman hannunsa ya fita. Da yamma Inna Eleni ta zo idonta jajir ta ce dole su nemi wani, maƙerar kuma ba za ta iya riƙe mutum biyu ba. Na fara haɗa jakata. Na yi baƙin ciki ba kaɗan ba, don na riga na so mutanen nan.

A wurinmu yaro ba ya barin gidan maigidansa hannu rabbana, sai ya bar wani abu na aikin hannunsa. Na yanke shawarar zuba musu tukunya irin tamu, mai kunne biyu da murfi. Ranar Lahadi da safe suka tafi coci, daga can za su wuce ƙauye wurin 'yarsu. Na hura wuta, na danna tukunyata ta tafiya cikin yashi ta ba ni siffa. Saura ƙarfe. Sababbin sandunan tagulla ba zan taɓa ba, na oda ne. Na shiga laluben tarkace, can ƙarƙashin teburin aiki, bayan gwangwanayen fenti, na jawo wani tsohon buhu da ƙura ta rufe. Na zazzage, sai ga fasassun tagulla sun yi kore shar: rabin ƙafa, gwiwa, wani ɓarin kai mai tsinaye. A rumfar Baba ba a tambayar kowa kafin a mayar da fasasshe wuta, wanda ya bar shi a kwance ma shi ake yi wa faɗa. Har ina cewa a raina tsohon nan akwai sakaci, dubi kaya mai kyau yana lalacewa. Na yi bisimilla na juye su a kasko gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin tagulla mai narkewa da kyau irin wannan ba. Ta kwarara cikin yashi lumui, ta cika ko'ina. Da ta huce na fasa yashin, na sa magagari na gyara bakin, na goge ta tas. Tukunya ta fito tana ɗaukar ido. Na ɗora ta a kan tebur na rufe da tsumma, na zauna jiransu ina ji da kaina.

Da la'asar suka dawo. Na yaye tsumman na ce ga sallamata. Inna Eleni ta tafa hannu ta rungume tukunyar. Baba Manoli, duk da fushin da yake yi da ni, ya sa tabarau ya juya ta, ya shafa cikinta, ya gyaɗa kai. Sai ya dubi sandunan tagulla ya ga ba a taɓa su ba, ya tambaye ni ina na sami ƙarfe. Na nuna masa buhun da na ninke tsaf na ajiye a gefe.

Inna Eleni ta dire tukunyar a hankali, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta laluba kujera ta zauna. Shi kuwa ya ɗauki buhun ya zazzage, ƙura kawai ta fito. Ya ɗauki tukunyar ya fita tsakar gida.

Ita ta gaya mini abin da na aikata. Kolosos ɗin mahaifinsa ne, na farko da aka taɓa zubawa a gidan, wanda ya tsaya a ƙofar shago shekara da shekaru. Baba Manoli yana yaro aka yi girgizar ƙasa, bango ya faɗo masa ya tarwatse. Uban ya tattara guntayen a buhu ya ce zai gyara, har ya mutu bai gyara ba. Alkawarin ya dawo kan ɗan, kowace shekara sai ya ce da sanyin bana, ga shi har hannu ya tafi. Ta ce ita kanta ba ta isa ta matsar da buhun nan ba in tana shara.

Na zo yin abin arziki na narke wa mutum gadon ubansa. Na fita na same shi zaune a kan dakali ƙarƙashin itacen lemo, tukunyar a cinyarsa. Na tsuguna a gabansa na ba shi haƙuri da duk yaren da na iya, har da Hausa. Bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya rataye ta a yatsa ta kunne ɗaya, ya ciro mabuɗi daga aljihu ya ƙwanƙwasa gefenta.

Ƙara ta tashi, siririya mai tsawo, ta cika tsakar gidan ta ƙi mutuwa. Ya sake bugawa. Sai na ga hawaye yana bin gashin bakinsa. Inna Eleni ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ya yi mata magana a hankali, ita kuma ta fassara mini. Wai da guntun tsohuwar ƙararrawar coci mahaifinsa ya haɗa tagullar nan, shi ya sa in an taɓa mutum-mutumin yake amsawa. Yana yaro kullum sai ya faki ido ya buga masa cokali a gwiwa ya ruga, uban ya biyo shi da zagi. Tun ranar da ya fashe bai sake jin wannan ƙarar ba. Ya sha ɗauko guntayen shi kaɗai ya buga, sai dai su ce ƙwas.

Ya share fuska da bayan hannu, ya dube ni, ya yi magana da Turancinsa mai tsalle-tsalle don in ji da kunnena.

"Na farko, masu raƙuma suka narka. Na biyu, kai. Ƙaton nan ba shi da sa'a."

Sai dariya ta ƙwace masa cikin kukan, Inna Eleni ta kama, ni dai ina tsugune ban san wanda zan bi ba. Ita ce, da yake 'yar kasuwa ce, ta fara cewa ai maganar babana abin sayarwa ce: kowa a garin nan yana sayar da fuskar da ba wanda ya sani, ba mai sayar da abin da ƙaton ya zama. Baba Manoli ya ce shirme ne, ba Baturen da zai sayi tukunya. Ta ce ya yi mata shiru, ita ke zama a shago, shi me ya sani ban da hayaƙi. Suka yi ta musu a kaina kamar ba na wurin. Ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a miƙa wa wani maƙeri abokinsa babbar odar, shi ya riƙa zuba 'yan kaɗan da hannunsa zai iya, ni kuma in zuba ƙananan tukwane da turame da ƙararrawa, a gwada na bana a gani. Ya ce in kawo takarduna da safe, kuma in na kuskura na sake taɓa wani buhu a gidan nan ba tambaya, ni zai narka.

Juma'ar da ta biyo baya na zayyana wa Baba komai. Da ya ji batun buhun sai da ya yi salati, ya ce in ba shi mutumin ya ba shi haƙuri da bakinsa. Baba Manoli ya karɓi wayar ya kaɗa hannu alamar ya wuce. Ya ɗauko tukunyar daga inda ya ajiye ta, kusa da hoton mahaifinsa, ya kawo ta daf da wayar ya buga mata mabuɗi. Baba ya matso da kunnensa har hularsa ta cika fuskar wayar. Ya ce a sake, aka sake. Ina jin hayaniyar Tudun Wada a bayansa, masu keke suna ta hon, amma bai motsa ba sai da ƙarar ta mutu.

"Kai kaɗai ka zuba wannan?"

"Ni kaɗai, Baba."

Tunda nake da shi bai taɓa yaba aikina ba. In ya duba bai ce komai ba, to ya yi kyau ke nan. Ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya, ya kalli gefe.

"Kunnen hagu ya ɗan karkace," in ji shi. "Zauna ka yi aikinka. Allah ya yi maka albarka."